Sallama ta Huɗu: Yadda Wani Gajeren Fim ɗin Ban Tsoro a Bauchi Ya Daina Ba Mutane Dariya

Asalin lamarin

Matashin da wannan bayani ya shafa ɗan cikin garin Bauchi ne, bai kai shekara talatin ba. Sana'arsa gyaran waya da tura fina-finai a wani ɗan shago kusa da kasuwar Wunti. Mai wannan sana'a ya fi kowa kallon fim, don ba ya tura abin da bai leƙa ba, kuma kullum kunnensa na kan abin da masu saye ke tambaya. Ya lura samari da 'yan mata suna yawan neman fim ɗin ban tsoro, amma na Amurka ko Indiya ko Koriya. In ya ce ga na Hausa mai aljanu, sai a yamutsa fuska a ce wannan ai na dariya ne. Maganar ta tsaya masa a rai, har ya ƙudurta sai ya yi gajeren fim da Hausa wanda zai hana mutum fita tsakar gida da dare.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Kyamara ɗaya ta aro daga wani mai ɗaukar bidiyon biki, kwamfutar tafi-da-gidanka da yake tura fim da ita, fitilu biyu masu caji, makirufo ɗaya, sai abokai shida. Ina cikin shidan. Aikina riƙe sandar makirufo da rubuta abin da aka ɗauka a littafi, shi ya sa lissafin abin da ya faru yake hannuna.

Disamba: ɗauka ta farko

Labarin farko na samari uku ne da dare ya yi musu a hanya, suka fake a wani kango, ashe gidan aljana ne, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. An samu kangon a bayan gari ta wajen hanyar Dass. Kwana huɗu aka yi ana ɗauka cikin sanyin hunturu.

Ƙanwar ɗaya daga cikinmu ce ta fito a aljanar. An shafe mata fuska da hoda da alli, aka zagaye idanun da kwalli har kumatu, aka baza mata gashin kanti, aka yanka farar jarka aka yi mata farata. Farin yadi ta yafa mai kama da likkafani. Jini kuwa zoɓo ne aka dama da sitaci. Da aka zo tacewa sai daraktan, wato matashin namu, ya zuba duk siddabarun da kwamfuta ta iya: aljana ta ɓace ɓat ta ɓullo a wani lungu, idanunta su koma ja, wuta ta fito daga tafin hannunta, dariyarta tana amsa-kuwwa.

Fim ɗin ya tashi minti 16. Aljanar ta fara bayyana a minti na 2, kuma in aka haɗa duk fitowarta ta kai kusan minti 5 a gaban kyamara.

Farkon Janairu: kallo na farko

An nuna shi bayan sallar isha'i a zauren gidan wani abokinmu a unguwar Jahun, a talabijin da ƙaramar lasifika. Mutum 23 na ƙirga, har da yara. Minti ɗaya da rabi na farko zauren ya yi tsit, lokacin da samarin ke tafiya cikin duhu da tocila ba a san abin da ke gabansu ba. Aljanar na fitowa wani yaro ya miƙe ya ce, "Lah, ai Anti ce!" Zaure ya tuntsure da dariya, kuma dariyar ba ta tsaya ba har ƙarshe.

Abin da ya ƙarasa kashe fim ɗin ƙafar aljanar ce. Kangon cike yake da ƙaya da fasassun kwalabe, don haka yarinyar ta ƙi taka ƙasa ba takalmi, mu kuma ba wanda ya kula kyamara ta kama ƙafar. A minti na 6, tana tafe a hankali za ta shaƙe saurayi na biyu, sai ga shuɗin silifas na banɗaki yana fat-fat a ƙasan likkafani. Da jini ya zuba wani ya ce a miƙo ƙanƙara. Daga ranar sunan fim ɗin a unguwa ya koma Aljana Mai Silifas.

Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu: gyara uku

Daraktan ya ɗauka matsalar biyu ce, an san yarinyar kuma an ga silifas. Ya yanke inda ƙafar ta fito, ya nemo masu kallo waɗanda ba su san kowa a fim ɗin ba.

Gyaran farko na sauti ne. Ya sauko da ƙararraki irin na fina-finan waje daga intanet, ya dasa su wuri 11, duk inda aljanar za ta ɓullo sai ƙara ta fashe kamar an buga ganga a kunne. Mutum 9 suka kalla. A na farko da na biyu sun zabura, wata har ta saki wayarta. Zabura ɗin kuma dariya ce ta biyo bayanta, irin wadda mutum ke yi in tayar Keke Napep ta fashe kusa da shi ya ga ba abin da ya same shi. Zuwa na huɗu sun gane salon: da kiɗa ya yi ƙasa sai wani ya ce ga ta nan. Daga na bakwai ko gezau ba wanda ya yi.

Na biyu, ya rage hasken hoton gaba ɗaya don kada a ga kwalliyar sosai. A talabijin cikin ɗaki ya ɗan taimaka. Amma mutanensa a waya suke kallo, sau da yawa da rana a gindin bishiya ko cikin shago. Gilashin waya in hoto ya yi duhu madubi yake komawa, fuskarka kake gani. Ga shi in an tura bidiyo ta WhatsApp ana matse shi, kuma wuraren duhu ne suka fi lalacewa, su zama dabbare-dabbare. Amsar da ya samu ɗaya ce: ba a ganin komai.

Na uku shawarar wani dattijo ce, wanda ya ce bai kamata a bar aljani da nasara ba. Aka koma kangon aka ɗauki sabuwar fitowa: malami ya iso a minti na 9 da carbi da buta, ya yi karatu, aljanar ta kurma ihu ta kama da wuta. Masu kallo sun yaba, sun ce fim ya yi ma'ana. Sai dai ina zaune a bayansu, kuma na ga malamin na shigowa kafaɗu suka sauka, mutum biyu suka ciro waya. Kowa ya riga ya san ƙarshen.

Bayan wannan ya rufe kwamfutar ya koma gyaran wayarsa. Kusan mako biyu bai ƙara tayar da zancen ba.

Ƙarshen Fabrairu: hira a tsakar gida

Wani dare ya je gaishe da kakarsa a cikin gari, na raka shi. An ɗauke wuta, zafi ya fara shigowa, mutanen gidan duk suna tsakar gida a kan tabarmi. Tsohuwar na ganinsa ta ce, "Maigidan, ina aka kwana da amaryar taka mai silifas?" Ya ce, "Hajiya, na sake ta." Aka yi dariya. Sai ta ce yaran yanzu ba su san tsoro ba, ta kawo wani abu da ya same ta tana amarya a wani ƙauye.

Gidan da ke jikin nasu, in ji ta, mutanensa sun daɗe da tashi, ko ƙofa babu. Wani dare mijinta ya yi tafiya, tana kwance sai ta ji daka daga can. Daka sosai, na gero, taɓarya na sauka a turmi. Ta ce a ranta wace ce wannan mai daka da tsakar dare. Washegari ta leƙa ta katanga, ba turmi ba sawu. Dare na biyu dakan ya dawo, amma yanzu lugude ne, taɓarya biyu suna karɓa-karɓa. Ta yi shiru nan, ta gyara zaman mayafinta. Dare na uku, ta ce, taɓarya uku ta ƙirga.

Ya ce, "To Hajiya me kika gani?" Ta ce, "Gani? Wa ya gaya maka na fita? Ai da na fita da wata ce kakarka."

Ban san lokacin da yaran suka matso jikin iyayensu ba. Wata 'yar shekara goma da aka aika ta ɗauko moɗa a kan randa, taku biyar daga tabarma, ta ce sai an raka ta. A hanyar komawa daraktan bai ce komai ba sai da muka kusa rabuwa, ya ce tsohuwar nan ba ta nuna ko farce ɗaya ba.

Maris: sabon labari

Ya yar da kango da samari uku. Ya zauna yana rubuta abubuwan da aka tashe mu da su tun muna yara: kada a zauna a bakin ƙofa da almuru, kada a zubar da ruwan zafi ba bismilla, kada a yi fito da dare, a kiyayi gindin tsamiya da juji, a shigo da yara in magariba ta kawo kai. Wannan na ƙarshen ma yana da asali a hadisin Jabir da Buhari da Muslim suka ruwaito. A cikin jerin akwai guda ɗaya da ya ja masa layi: in an kira ka da dare ba ka ga mai kiran ba, kada ka amsa.

Ya haɗa ta da wata ƙa'ida da ke karo da ita. Amsa sallama wajibi ne, aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a mayar da gaisuwa da wadda ta fi ta ko irinta. Sannan kowane ɗan Islamiyya ya san hadisin Abu Musa al-Ash'ari, cewa neman izinin shiga gida sau uku ne, in ba a ba ka ba ka juya.

Ga labarin da ya fito. Amarya ce aka kai sabon gida a bakin gari, irin unguwannin nan da gida ɗaya ke tsaye tsakanin fulotai da ginin da ba a ƙarasa ba. Mijin direba ne a hanyar Bauchi zuwa Gombe, wani lokaci yakan kwana a can. Ranar farko da ta kwana ita kaɗai, gab da magariba, muryar wata tsohuwa ta yi sallama daga zaure. Ta amsa, ta ce a shigo. Ba wanda ya shigo. Ta leƙa, ba kowa. Rana ta biyu haka. Ta gaya wa wata maƙwabciya, ita kuma ta tambaye ta, "Kin amsa?" Da ta ce eh, matar ta yi shiru ta ci gaba da tsince shinkafarta. A dare na uku amaryar ta kulle kanta a ɗaki ta ƙi amsawa. Sallama ta farko, ta biyu, ta uku. Shiru mai tsawo. Sai ta huɗu.

Ya ƙara abu ɗaya da mai kallo zai gani ita ba ta gani ba: takalmin roba irin na tsofaffi, ƙafa biyu a jere. Ranar farko kyamara ta nuna shi a bakin zaure lokacin tana madafi. Rana ta biyu yana tsakar gida kusa da randa, ta wuce ta gefensa da tsintsiya ba ta kula ba. A daren ƙarshe, bayan sallama ta uku, ta lallaɓa ta ɗaga labule ta haska ƙasa. Takalmin yana bakin ƙofar ɗakinta, hancinsa na kallon ciki. Ba Bahaushen da za a yi wa bayanin abin da takalmi a bakin ƙofa yake nufi. Sallama ta huɗu daga bayanta ta fito.

Wannan dabara ta sanar da mai kallo abin da jarumi bai sani ba tsohuwa ce. Shahararren daraktan fina-finai Alfred Hitchcock ya yi bayaninta da misalin mutum biyu masu hira a kan teburi da bam a ƙarƙashi. In bam ya tashi ba zato, masu kallo sun samu firgita ta daƙiƙa 15. In kuwa an nuna musu bam ɗin tun farko da agogonsa, hirar banza ma sai ta riƙe su minti 15.

An yi gardama a kan ƙarshen. Huɗu daga cikinmu suka ce dole ta waiwaya a ga fuskar tsohuwar, in ba haka ba mutane za su ce an cuce su. Daraktan bai yarda ba, amma bai da hujjar da ta wuce labarin kakarsa. Aka yanke a ɗauki duka biyun.

Afrilu: ɗauka ta biyu

An samu aron wani sabon gida ta wajen Tirwun. Jarumar ɗaliba ce da ba 'yar unguwarmu ba. Umarnin da aka ba ta kaɗan ne: kada ta yi ihu ko sau ɗaya, kada ta zaro ido, ta riƙa yin aikin gida kamar kullum, ninkin kaya, wanke-wanke, kunna turaren wuta. Inda tsoro ya kama ta a ga hannunta ya tsaya da aiki, shi ke nan. An bar ta tana motsa baki da addu'a a daren ƙarshe, don ba macen da za ta shiga wannan hali ba ta kama Ayatul Kursiyyu ba.

Hasken almuru ya ba mu wahala. A nan tsakanin faɗuwar rana da duhu bai wuce minti ashirin da 'yan kai ba, ga salla a tsakiya. Yammaci shida muka yi kafin fitowar magariba ta kammala. Na cikin ɗaki kuwa an haska su da fitila mai caji guda ɗaya. A wannan karon ba a dusashe hoton duka ba. Fuskarta da gado da jeren kwanukanta ana ganinsu tar, ƙofa ce kawai da lungun bayan sif aka bari baƙi ƙirin.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne sallamar. Da farko wani abokinmu ya gwada ta da shaƙaƙƙiyar murya yana jan ta, muka saurara muka ji aljana mai silifas ta dawo. Sai aka roƙi wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli a layinsu ta yi sallama kamar ta zo barka. Ta yi sau biyar tana tambayar me za a yi da ita. Aka zaɓi ɗaya, mai taushi, har da ɗan murmushi a cikinta.

Wannan guda ɗayar aka yi ta maimaitawa a duk fim ɗin. Mutum in ya yi sallama ba a amsa ba, ta biyu takan fi ƙarfi, ta uku da ɗan ƙosawa ko shakka. Wannan ba ta canjawa ko kaɗan, numfashin da ke gabanta ma iri ɗaya ne. Nisa kawai ke canjawa. Don a samu nisan gaskiya, aka sa muryar a waya aka kunna ta a zaure, ni kuma ina cikin ɗaki da makirufo ina sake ɗauka. Aka matso da wayar tsakar gida aka sake, sannan bakin ƙofa. Ta huɗu ba a bi da ita ta ko'ina ba, an sa ta yadda aka ɗauke ta tun asali, baki dab da makirufo.

Ba a sa kiɗa ko ɗaya ba. An gwada wani gurnani mai zurfi irin wanda ake ji a ƙirji a sinima. Kunnen ɗan Adam yana kama sauti daga girgiza 20 zuwa kusan 20,000 a daƙiƙa, amma lasifikar waya ba ta iya fitar da na can ƙasa, don haka gurnanin ya ɓace ɗungurungum aka cire shi. Abin da aka yi amfani da shi sautin unguwa ne: kukan gyare, janareton wani gida can nesa, akuya, wucewar babur. Kafin kowace sallama sai a janye su ɗaya bayan ɗaya, gyare ne na ƙarshe. Tsakanin ta uku da ɗaga labule akwai daƙiƙa 40 da kyamara ke tsaye kan labulen, ba abin da ake ji sai numfashinta. Mai ɗaukar hoto ya rantse ba wanda zai iya zaman wannan, ya so a rage zuwa 10.

Fim ɗin ya tashi minti 11.

Mayu: kallo na biyu

An raba masu kallo gida biyu, dare biyu a jere, a zaure ɗaya da talabijin ɗaya. Rukunin farko mutum 14, su aka nuna wa mai fuskar tsohuwa a ƙarshe. Na biyu mutum 17, nasu yana yankewa ne a kan sallama ta huɗu, allo ya yi baƙi.

Har zuwa minti na 10 abin da na rubuta a dare biyun kusan ɗaya ne. A sallamar farko, mata biyu ko uku a cikin zauren sun amsa a hankali ba su ma san sun yi ba, bakinsu ne ya riga su. Da takalmi ya bayyana kusa da randa aka fara ƙus-ƙus, wani ya ce ya matso fa. A daren ƙarshe na labarin ba wanda ya amsa sallamar. Wata ta ce da ƙaramar murya, "Baiwar Allah kar ki amsa." Bayan ta uku na ji wani ya sauke numfashi ya ce ta tafi. Daƙiƙa arba'in ɗin nan ba wanda ya taɓa waya, ba wanda ya yi tari.

A rukunin farko jarumar ta waiwaya aka ga fuskar, wadda an yi mata kwalliya mai sauƙi ba irin ta da ba. An zabura, sannan aka yi 'yar dariya, aka shiga zancen wace ce ta fito a tsohuwar da yadda aka yi mata idanun. Kafin a naɗe tabarma hira ta koma kan ƙwallo.

A rukuni na biyu allo ya yi baƙi, zauren ya ɗauki ɗan lokaci ba magana, sai wani ya ce a kunna fitila. Daga nan gardama ta ɓarke a kan wace ce. Wata ta ce mayya ce ta biyo kurwar amaryar. Wani ya ce filin tsohuwar maƙabarta ce aka yanka aka sayar. Wata matar aure ta ce ba shakka turen dangin miji ne, ta faɗa da zafin da ya sa aka kalle ta. Wani yaro ya ce kakar amaryar ce da ta rasu. 'Yan mata biyu sun nemi a raka su gida, gidan kuwa bai fi taku hamsin ba. Bayan kwana biyu ɗaya daga cikin matan ta aiko ɗanta shago da saƙo cewa Allah ya isa, maƙwabciyarta ta yi mata sallama da magariba ta tsaya tana ƙirgawa.

An ajiye ƙarshen da ba fuska.

Yuni: bayan ya shiga wayoyi

A waya sakamakon ya rabu. Waɗanda suka kalla da dare da abin sauraro a kunne sun dawo da labari irin na zaure. Waɗanda suka kalla da rana a kasuwa, cikin hayaniya, da yawa sun ce ba abin da ya faru a fim ɗin, wasu suka tambayi ina ci gabansa. Shirun da aka gina komai a kansa ba ya jiyuwa a bakin titi.

Sai kuma ƙorafin da daraktan bai zata ba. Wani malami a unguwarsu, mutum mai sauƙin kai da ya koyar da shi yana yaro, ya kira shi ya ce ya ga fim ɗin. Ya ce sallama addu'ar aminci ce, bai ji daɗin a mai da ita abin da mace za ta ji gabanta ya faɗi ba. Daraktan ya ce, "Allah gafarta Malam, ban yi da niyyar wasa da ita ba." Malam ya ce ya sani, amma ya duba. Ya duba ɗin: ya koma wurin mai ƙuli-ƙuli ta faɗa masa "gafaranku dai masu gida", ya sauya muryar, ya nuna wa mutum 8. Takalmin ya yi aikinsa, shirun ma haka, amma ba wanda ya amsa daga cikin masu kallo, kuma ba wanda ya sauke numfashi bayan ta uku, don ba ƙa'idar da ta ce gafara sau uku ce.

Nazari

Ba za a ɗora wa wannan gwaji nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Masu kallon kaɗan ne, ba mutane ɗaya ba ne a kowane zama, kuma abubuwa da yawa sun canja lokaci guda: labari, jaruma, tsawo, sauti. A fim na biyu, wuri biyu ne kawai aka canja abu guda aka bar saura, wato ƙarshen nan biyu, sai kuma sauya sallama da gafara. Duk da haka ina da ra'ayi a kan abin da ya yi aiki.

Fim ɗin farko ya nuna aljanarsa da wuri kuma ya daɗe yana nuna ta. Ido wa ka raina, wanda kake gani yau da gobe. Duk abin da ido ya samu lokacin ƙare masa kallo zai gano hoda da jarka, ko da an kashe miliyoyi. Wannan ba matsalar talaka kaɗai ba ce. A fim ɗin Jaws na 1975, kifin inji da aka ƙera ya riƙa lalacewa a ruwan teku, dole daraktansa Steven Spielberg ya rage nuna shi ya koma ga kiɗa mai sauti biyu da gangunan roba masu yawo a kan ruwa, kuma mutane da yawa suna ganin wannan tilas ɗin ce ta gyara fim ɗin. Takalmin roba aikin waɗannan ganguna ya yi.

Ƙararrakin Janairu firgita suka haifar, ita kuwa firgita aikin jiki ce, tana zuwa cikin ƙiftawar ido ta wuce, kuma jiki na saurin sabawa da ita. Tsoron da ke bin mutum gida yana buƙatar jira, mai kallo ya san wani abu na tafe bai san yaushe ba. Shigowar malami a minti na 9 ta yanke jiran. Mai kallo Musulmi ya san maganin aljani, ganin maganin ya iso kuwa kwanciyar hankali ne, abin da ake so a rayuwa amma ba a tsakiyar irin wannan fim ba.

Wanda na fi ba nauyi shi ne inda aka ɗauko tsoron. Kango da likkafani mai tafiya da wuta a tafin hannu ba sa cikin rayuwar kowa, mutum na fita zaure ya bar su a can. Sallama kuwa sau nawa ake yi maka ita a yini? Fim na biyu ya ɗauki abin da aka fi sabawa da shi ya karkata shi kaɗan: murya mai daɗi wadda ba ta canjawa, baƙo mai ladabin cire takalmi amma ba a ba shi izini ba, ƙirga da ta wuce uku da ɗaya tak. Wani injiniyan Japan, Masahiro Mori, ya rubuta a 1970 cewa mutum-mutumi yana ƙara shiga rai gwargwadon kamarsa da mutum, har ya kai inda ya kusa zama mutum sak amma da saura, a nan sai ya koma abin tayar da tsikar jiki. Muryar mai ƙuli-ƙuli a wannan gurbin ta faɗa. Dakan da kakar daraktan ta ji ma haka, dakan gero ne na kowa, lokacinsa da wurinsa da yawan taɓaren ne ba daidai ba. Da aka bar fuskar a rufe, kowa ya cike gurbin da abin da ya riga ya shigo da shi zauren, matar auren nan da dangin mijinta, yaron da kakarsa.

A kan maganar Malam ban ga amsa mai sauƙi ba. Abin da ya sa fim ɗin ya kama mutane shi ne dai abin da ya dame shi, kuma gwajin gafara ya nuna ba a raba su ba tare da fim ya yi rauni ba. Daraktan ya daina tura mai sallamar a shago, mai gafarar yake ba duk wanda ya tambaya, ko da yake na farkon ya riga ya bazu daga waya zuwa waya. Yanzu yana neman mata uku da suka iya lugude da turmin da bai tsage ba, kakarsa kuma ta ce in za a ɗauka a gidanta sai dai da rana.